Wankin Gatarin Aradu

Na sha jin ku kuna ba 'ya'yanku labari, wai ni ce na tattaro kayan tarihin unguwa a bikin nan da aka yi a Gada Biyu, har aka ɗauke ni hoto, har aka tafa mini. Hoton yana nan, ban musa ba. Amma wanda duk ya dube shi da kyau zai ga ba dariya nake yi ba, haƙora ne kawai a waje. Yanzu da gwiwa ta hana ni yawo, gara in zauna in sa a rubuta muku yadda abin ya kasance daga bakina, kada ku ci gaba da yi mini kirarin da ban cancanta ba.

Kun taso kun tarar da ni ina kitso. Tun ina budurwa a Nasarawa Gwom babu gidan da ban shiga da kibiyata ba, na Musulmi da na Kirista. Kakanku, wato babana, daga ƙasar Katsina ya zo haƙar kuza, ya yi lebura a ramuka har ƙarfinsa ya ƙare. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan Ngo Kaneng. Ngo, haka ake kiran dattijuwa a yarensu, mu ma haka muka taso muna kiran ta. Mijinta da babana rami ɗaya suka yi aiki. Ita kuwa maginiyar tukwane ce, kuma ranar da aka haife ni ita ta ɗora wa innata ruwan zafi. Da na yi aure ma layi biyu kawai na matsa, kullum sai na leƙa ta. Sai aka yi rikicin nan na farko da ya raba garin Jos gida biyu, gidan su Ngo yana cikin waɗanda wuta ta ci. Ta fita da zanen jikinta, ɗanta Pam ya kai ta Anguwan Rukuba. Mu muka zauna a nan, su suka zauna a can, 'yar tafiyar da muke yi a ƙafa ta koma kamar zuwa wata ƙasa. Shekara uku ban sa ta a ido ba.

A daminar shekara ta ukun ce wata yarinya ta yi sallama a ƙofata ina tsakiyar kitso. Malama Rifkatu sunanta, daga jami'a, 'yar siririya da jaka a kafaɗa. Ta ce su masu binciken kayan mutanen da ne, suna shirya biki ran Asabar ta sama a filin wata makarantar firamare a Gada Biyu, inda kowane ɓangare zai iya zuwa hankali kwance. Ba kayan gwamnati za a baje ba, abin da ke gidajen mutane ake so, jama'a su gani, a rubuta inda aka samo kowanne, a ɗauki hoto, mai abu ya koma gida da abinsa. Abin da ta fi nema kuwa shi ne gatarin aradu.

Ku 'yan yanzu ba lallai ku san shi ba. Wani baƙin dutse ne mai santsi, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, bakinsa ɗaya a wase kamar na gatari. Masu haƙar kuza sun sha tono shi can ƙarƙashin ƙasa. Iyayenmu suka ce shi aradu take jefowa idan ta faɗi, kuma gidan da yake ciki ba ta zuwa. A gari irin Jos da tsawa take tsaga itace biyu da rana tsaka, wa zai tsinci wannan ya yar? Kusan duk gidan tsohon lebura akwai guda, a soke a rufin ɗaki ko a ƙasan adaka. Na babana ma yana wurina, naɗe cikin tsohuwar hularsa.

"Mama, ba daga sama ya faɗo ba," in ji Malama Rifkatu tana murmushi. "Mutum ne ya zauna ya wasa shi da hannunsa, tun kafin a san ƙarfe. A nan ƙasar da muke takawa suka yi zamansu. An ce mini ke kaɗai ce za ki shiga kowane gida ki ce aro, a ba ki."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta ci ni. Nan da nan kaina ya fasu. Ta ba ni wasu 'yan takardu masu zare, ta ce duk wanda na karɓa in rubuta sunan mai shi da ramin da aka tono shi, in ɗaura masa nan take. Ta tambaye ni ko na iya rubutun boko. Na ce haba, sai ka ce wani aiki. Alhali rubutuna bai wuce sunana ba, shi ma sai na ciji leɓe. Tana fita na zuba takardun a gwangwani na rufe. Na ce a raina ai kowane dutse da tsummansa zai zo, ni da nake riƙe da kalar kitson matan unguwa kaf a kaina, duwatsu ne za su gagare ni?

Babanku bai so ba ko kaɗan. Da ya dawo daga tasha ya ji zancen, sai ya ajiye cokali.

"Asabe, camfi ne fa wannan, kin sani na sani. Ban da haka kuma kayan mutane ne. Gari bai gama hucewa ba za ki kwaso wa kanki amana?"

"Malam, na 'yan kwanaki ne kawai."

"To. Ni dai na faɗa."

Cikin kwana huɗu na tara ashirin har da na babana. Wani a cikin tsohuwar safa, wani a ƙyallen atamfa, wani ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin madafa, wani an shafe shi da man ja har yana danƙo. Duk wanda ya miƙo mini sai ya faɗi ramin da ubansa ko mijinta ya tono shi, ni kuma in ce na riƙe. Amma zuciyata tana kan guda ɗaya, don na san babu wanda ya kai na Ngo Kaneng kyau. In faɗa muku gaskiya, dutsen hujja ce kawai, ita nake son gani.

Ran Litinin da safe na shirya. Ɗan acaɓa ya kai ni inda ya ce shi ba ya wucewa, na sauka na taka. A shingen sojoji aka zazzage mini jaka, suka ga kibiya da man kitso suka ce in wuce. Tun daga nan duk wanda ya kalle ni sai in ga kamar mayafina yake kallo. Da tambaya na sami gidan. Tana zaune a tsakar gida a kan buhu, ƙafafu a miƙe, ta rame, idanun nan sun yi fari da yana. Ina yin sallama ta ɗago kai.

"Wannan muryar Asabe ce ko kunnena ne yake mini wasa?"

Na faɗa jikinta muka yi ta kuka kamar an yi mana sabuwar mutuwa. Ta shafa fuskata, ta shafa kaina, ta ce mai yi wa mutane kitso ga nata kan kamar sheƙar kaza. Pam ya fito muka gaisa. Tare muka yi wasan ƙasa da shi, amma gaisuwar ranar a tsaye aka yi ta. Da na faɗi abin da ya kawo ni, Ngo ta kwance bakin zanenta ta fito da shi. Ja jawur yake saboda jar ƙasar da take shafa wa tukwane, don ita ba ajiye shi take yi ba, da shi take goge tukunya kafin a gasa, har ta riƙa ƙyalli. Shi ya sa ya tsira daga wutar, kullum a ƙulle yake a jikinta.

"Ina amarya baban Pam ya kawo mini shi daga rami," ta ce. "Yanzu da ido ya tafi, shi yake gaya mini inda tukunya ta yi tudu da inda ta yi kwari. Wani dutsen ba ya yi mini."

"Mama, kada ki bayar," in ji Pam.

"Kai, Asabe ce fa." Ta kamo hannuna ta danƙa mini. "Ran Juma'a zan yi gini, Litinin zan goge, in ya wuce nan sun bushe. Lahadi da yamma nake son abina. Bikin ma zan zo in Pam ya kai ni, in ji abin da 'yan boko za su ce a kansa."

Na ce Ngo, ko da kaina ne zai ɓata, wannan ba zai ɓata ba.

Yanzu ga inda na yi ɓarnar. Kun san halina da tsabta, har gori kuke yi mini wai ina wanke sabulu kafin in yi wanka da shi. Ran Laraba na baje duwatsun nan a tabarma na tsaya ina kallo, sai raina ya ɓaci. Wannan ƙazanta zan kai gaban manyan mutane? A ce kayan Nasarawa Gwom ne, Asabe ce ta kawo, ga kunkunniya ga tsamin man ja? Wallahi ban yi shawara da kowa ba. Na ɗebo ruwa a baho, na kaɗa garin sabulu, na ɗauko soson ƙarfe. Ba hauka na yi gaba ɗaya ba, na yi dabara: na jera tsummokaran a kan dakali, in wanke dutse ɗaya in ɗora shi a kan tsummansa, in ɗauko na gaba. Na Ngo sai da na canza ruwa sau biyu kafin jan ya fita. Da na gama suka yi fes, baƙaƙe sumul, ina ta jin daɗin kaina. Ko a lokacin na lura sun koma kama ɗaya kamar ƙwan kaza, amma na ce ba komai, kowa yana kan tsummansa.

Na shiga madafa ke nan hadari ya taso daga bayan duwatsu. Kun san ruwan garin nan, ba ya sallama. Iska ta fara zuwa, ta kwashi shanya ta watsa, sai ga ƙanƙara tana dukan kwano kamar ana jifa. Na fito a guje, na ga tsummokaran da ba su da nauyi suna tashi, ruwa yana malala a kan dakali zai tura duwatsun cikin kwata. Ban yi tunanin komai ba, na ware zanena na share su duka a ciki, na ruga ɗaki. Sai da na zube su a ƙasa, na ga duwatsu ashirin da ɗaya a tsibi guda, jiƙaƙƙun tsummokara a wani tsibin, sannan hankalina ya dawo jikina. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna daɓas a cikin ruwan da ke ɗiga daga jikina. Na ɗauki wannan na juya, na ɗauki wancan. Na babana da na yi shekara da shekaru ina gani, shi ma ban iya rantsewa a kansa ba.

Gwaggonku Larai, yayar babanku, tana gidan a lokacin. Ta leƙo ta ga halin da nake ciki, ta riƙe haɓa.

"Tabɗi! To kukan me kike yi? Dutse dai dutse ne. Ki shanya tsummokaran, ki naɗe kowanne ki miƙa wa mai tsumma. Wa zai gane?"

"Yaya, Ngo za ta gane."

"Makauniyar? Ke dai kin cika neman wahala."

Ba zan ɓoye muku ba, shawarar ta shige ni. Har na shanya tsummokaran. Da babanku ya dawo da magariba na yi niyyar in yi shiru, amma Larai ba ta iya riƙe magana, tun kafin ya cire takalmi ta fesa masa. Na jira ya ce ai na faɗa miki. Bai ce ba, kuma da ya ce ɗin da ya fi mini sauƙi. Ya daɗe yana kallon tsibin duwatsun.

"Ni ban yarda dutse yana tare aradu ba," ya ce. "Amma su da suka ba ki ba dutse suka ba ki ba, abin iyayensu suka ba ki. In kika naɗe na wani kika ba wani, kin yi ƙarya sau ashirin da ɗaya. Gobe ki je ki gaya wa yarinyar nan."

Ran Alhamis na aika aka kira Malama Rifkatu. Da ta shigo ta gan su a jere suna sheƙi, babu takarda ko ɗaya a jiki, sai jakarta ta zame daga kafaɗa. Ta tsuguna a gabansu tana duba su ɗaya bayan ɗaya. Na fito da gwangwanin takardun na ajiye a gabanta, na ce ban iya rubutu ba, kunya ce ta sa na ce na iya.

"Mama, da kin faɗa mini ai da na bi ki da biro," ta ce. "Da ma kin bar su da dauɗarsu. Mu dutsen da ba a san inda ya fito ba, ba abin da zai gaya mana. Har ƙasar da ta maƙale a jikinsa muna so."

Ni da nake tsammanin yabo kan wanki! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can ta share ido ta ce akwai hanya ɗaya. Ran biki a baje su a tebur, in tashi gaban jama'a in faɗi abin da ya faru, kowane mai dutse ya fito ya nemi nasa da kansa, ya faɗi labarinsa da bakinsa, ita kuma ta rubuta. Na ce na yarda.

A nan ne na yi kuskure na biyu, kuma ya fi na farko muni, don shi ba ruwan sama ya jawo shi ba. Abin da ya kamata shi ne in kwashi duwatsun duka in kai wa Ngo ta fara laluben nata. Na yi tunanin haka. Amma ku duba: mace da mayafi, da buhun duwatsu masu kaifi, ta nufi Anguwan Rukuba ta shingen sojoji a wancan lokaci, me zan ce musu? To shi ke nan, ko saƙo ai sai in aika. Akwai mai kayan miya da take zuwa daga can kullum, kalma biyu ce: a gaya wa Pam lallai ya kawo Ngo da wuri, an sami matsala. Sau uku ina zuwa gaban matar nan ran Juma'a, sau uku ina sayen tattasai in dawo. Na kasa. Ina tuna fuskar Pam lokacin da ya ce kada ki bayar, sai bakina ya mutu. Na lallashi kaina da cewa ai ta ce za ta zo. Da yammacin ranar kuma sai jita-jita ta tashi, irin wadda ake yi a shekarun nan, wai za a yi wani abu a gari. Babu abin da aka yi, amma kowa ya kwana da shirinsa.

Duk da haka ran Asabar filin ya cika, abin mamaki. An kafa rumfuna, ga masu kalangu a gefe, ga 'yan rawar gargajiya da ƙahonni a ɗaya gefen. Wasu sun kawo tsofaffin tukwane, wasu duwatsun niƙa, wani ya kawo kashin maƙera da ya tono a gonarsa. Mutanen da suka yi shekara uku ba su haɗa ido ba sai ga su suna leƙa tebur ɗaya. Ni kuwa ban ga komai da kyau ba, idona yana kan ƙofar makarantar. Duk tsohuwar da aka riƙo wa hannu sai in duba in ga ba ita ba ce. Da aka miƙo mini lasifika, na ce jama'a ku yafe mini, kun ba ni amana na wanke ta da soson ƙarfe, ruwa ya zo na haɗe su, yanzu ban san na wane da na wane ba. Sai wani tsoho daga baya ya ce, "Asabe ke nan, ko aradu ba ta tsira daga wankinki ba!" Aka fashe da dariya, aka yi ta tafi. Tafin da kuke ba da labari ke nan, kuma a lokacin aka ɗauki hoton.

Aka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Abin ya yi kyau, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Wani dattijo ya ɗauki nasa ya nuna inda diga ta ɓantare shi, ya ba da labarin ramin da ya rufta da abokansa biyu, har mutane suka yi hawaye. Wata ta gane nata da wani farin layi. Malama Rifkatu tana ta rubutu, ta manta da fushinta. Amma ba kowa ne ya san nasa haka ba. Da yawa sun gaje shi ne a naɗe, ba su taɓa kallon sa da kyau ba. Sai mutum ya tsaya ya juya wannan ya juya wancan, ya ce kamar dai wannan ne, ya zaɓi wanda ya fi masa kyau da santsi. Duk hannun da ya sauka a teburin nan kamar a ƙirjina yake sauka. Na matsa kusa da Malama na ce a dakata, akwai tsohuwar da ba ta iso ba. Ta ce Mama, mutane suna son su isa gida kafin la'asar saboda zancen jiya, ba za a iya tsare su ba. Da na buɗe murya na ce kowa ya ajiye sai gobe, wataƙila da an saurare ni. Ban buɗe ba. Na tsaya ina kallo har tebur ya rage saura biyu, ni ban ɗauki na babana ba, Ngo kuma ba ta zo ba.

Na ce to alhamdu lillahi, ɗaya nawa ɗaya nata, ai lissafi ya fita. Haka na yi ta gaya wa kaina har gari ya waye.

Lahadi da yamma, bayan sun taso daga coci, na ƙulle duwatsun biyu a ƙasan jakar kitso na tafi. Na tarar da tukwane bakwai a jere a inuwa an rufe su da jiƙaƙƙen buhu, suna jiran gobe. Ngo ta ce Pam ne ya hana ta zuwa saboda jita-jita, ta yi ta yi ya ƙi. Na durƙusa a gabanta, Pam yana tsaye a bakin ƙofa, na faɗi komai tun daga baho har tebur, har da saƙon da na kasa aikawa. Sannan na sa mata duwatsun a cinya.

Ta ɗauki na farko. Ta juya shi a tafin hannu, ta bi gefensa da babban yatsa, ta ajiye. Ta ɗauki na biyu, shi ta daɗe da shi, har na fara sa rai. Ta jawo tukunya ɗaya daga ƙarƙashin buhu ta goga shi sau ɗaya a kafaɗarta. Ya bar zane, kamar an ja ƙusa.

"Babu nawa a nan," ta ce.

Pam ya buga ƙofa da hannu. "Ban faɗa ba? Gidan ya tafi, yanzu ɗan abin da ya rage ma sun..."

"Pam, rufe mini baki."

Na ce Ngo, na san gidajen duka, gobe da sassafe zan bi su ɗaya-ɗaya in karɓo in kawo miki ki taɓa. Ta girgiza kai.

"Gida goma sha tara za ki shiga ki ce tsohuwar Anguwan Rukuba ta ce an ɗauke mata kaya? A garin nan, a bana? Kafin ki kai gida na biyar zancen ya zama wani abu dabam. Ban yarda ba, Asabe. Kada in ji, kada in gani."

Sai ta sake lalubo na farkon, ta kamo hannuna ta ɗora yatsana a kan wani ɗan gurbi kusa da gindinsa, wanda ban taɓa lura da shi ba.

"Wannan na babanki ne. Rana ɗaya suka fito da su daga rami, shi da baban Pam. A tsakar gidana suka zauna suna gwadawa, babanki yana ta mita wai nasa mai tabo ne. Riƙe da kyau. Ke kam kin sami naki."

Na fito daga gidan nan ban san ta inda na bi na iso Nasarawa Gwom ba.

Na biyun na kai wa Malama Rifkatu, tun da ban san mai shi ba. Ban bi gidaje ba, don Ngo ta hana. Amma shekara da shekaru, duk gidan da na shiga kitso cikin goma sha taran nan, sai na san dabarar da na yi aka nuna mini dutsensu, in juya shi a hannu ina zance. Ban san abin da nake nema ba, hannuna ba nata ba ne. Wasu ma sun tashi sun bar garin da aka sake rikici. An gaya mini tukwanen nan bakwai da bayan cokali ta goge su, suka fito dishi-dishi, masu saye suka ce hannun Ngo ya tsufa. Ba ta gaya wa kowa dalili ba. Kafin damina ta zagayo ta daina gini gaba ɗaya, ta koma zama kawai. Na ci gaba da zuwa ina yi mata kitso duk wata har Allah ya karɓi abinsa, kuma ko sau ɗaya ba ta sake tayar da zancen ba. Sai dai muna hira zan ga hannunta ya tafi bakin zane yana lalube, sannan ta tuna, ta mayar da shi kan cinya.